Kafin a Nemo Lauya, Jirgi Ya Tashi

Ranar wata Juma'a bayan an sallame, ina bakin masallacinmu na unguwar Bronks a birnin Niyu Yok na Amurka ina neman takalmina, sai wata baiwar Allah da na sani tun tana amarya ta tare ni. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Kawu, Baban yara bai dawo ba tun jiya." Ya fita da sassafe zuwa ofishin shige da fice da yake zuwa sa hannu lokaci zuwa lokaci, kamar yadda aka umarce shi tun da ya shigar da takardar neman mafaka. Ya ce mata in ya fito zai wuce wurin aiki. Har gari ya waye ba shi ba labarinsa, wayarsa a kashe.

Ni ba lauya ba ne. Tafinta nake yi tsakanin mutanenmu da lauyoyi, kuma na daɗe ina yi. Nan take muka kira wata lauya da muka saba aiki tare. Na zaci za ta fara da tambayar me ya yi, ko yaushe ya shigo ƙasar. Abin da ta fara cewa shi ne, "Yanzu haka yana wace jiha?" Muka shiga shafin intanet da ake duba waɗanda aka tsare, muka buga lambar da hukumar shige da fice ta ba shi, mai farawa da harafin A, babu abin da ya fito. Muka sake da yamma, shiru. Sai ranar Lahadi da dare ya samu ya kira matarsa na minti biyu. An kwana da shi a wani ɗaki mai sanyi, an sa shi a mota, an sa shi a jirgi da sarƙa a ƙafa da ƙugu. Da suka sauka ya tambayi wani mai gadi inda suke, ya ce masa Luwiziyana.

Da na gaya wa lauyar sai ta yi ajiyar zuciya. Ta ce da labarin ya iso gare ta tun ranar Alhamis yana cikin Niyu Yok, da ta shigar da ƙarar ƙalubalantar tsare shi a kotun tarayya ta nan, kuma ko bangon duniya aka kai shi daga baya, ƙarar tana nan inda aka shigar da ita. Yanzu kuwa sai can. Alƙalin da zai saurare shi na can ne, fassarar dokar da za a yi masa aiki da ita ta can ce, in kuma abin ya kai ga ɗaukaka ƙara, kotun da ke Niyu Olins ce za ta yanke. Matar ta dube ni ta ce, "Kawu, ba ƙasa ɗaya ba ce? Ba doka ɗaya ba ce?"

Ƙasa ɗaya ce, dokar da ke rubuce ma ɗaya ce. Amma haƙƙin da mutum zai samu a aikace ya danganta da shiyyar da ƙafarsa take ranar da aka shigar da ƙara. Wannan kaɗai ma abin damuwa ne, sai dai ana iya haƙuri da shi, kuma zan faɗi dalili. Abin da ba na iya haƙuri da shi shi ne a bar wa gwamnati, wadda ita ce abokiyar shari'ar mutum, ikon ɗaukarsa ta kai shi shiyyar da ta ga dama tun bai buɗe baki ba.

Mutanenmu na gida, har da mu da ke nan, in an ce shari'a a Amurka sai hankali ya tafi kan Kotun Ƙoli da alƙalanta tara, don ita ake ji a rediyo. Amma shari'o'in da take saurara ta yanke a shekara ba su cika kaiwa 70 ba a 'yan shekarun nan, kuma ita ke zaɓar wadda za ta ji. A ƙarƙashinta akwai kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya guda 13, masu kujerun alƙalai 179, waɗanda ƙararraki kimanin 40,000 ke zuwa gabansu duk shekara daga kotunan matakin farko 94 da kuma hukumomin gwamnati. Goma sha ɗaya daga cikinsu an raba musu jihohi an ba su lamba, ɗaya ta birnin Washinton ce, ɗaya kuma ta wasu keɓantattun batutuwa. Alƙalai uku ke zama a kan ƙara. In biyu suka yarda magana ta ƙare, kuma ta zama doka a duk jihohin wannan shiyya, amma ba ta ɗaure shiyyar da ke maƙwabtaka da ita. Ga direban tasi, ga mai aikin gini, ga ɗalibar da aka soke wa biza, waɗannan alƙalai uku su ne kotun ƙoli.

Wanda ya bi abin da ya faru a Filato bayan zaɓen 2023 zai gane nauyin wannan magana. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke gwamna da 'yan majalisa da dama a kan hujja iri ɗaya. Gwamna Caleb Mutfwang yana da hanyar zuwa Kotun Ƙoli, ya je, a Janairun 2024 aka ce hujjar ba ta tsaya ba, aka tabbatar masa da kujerarsa. 'Yan majalisar kuwa shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa, sai suka tafi gida da hukuncin da an riga an rushe tushensa. Sai dai a Najeriya kotu ɗaya ce mai rassa. A Amurka kowace shiyya gashin kanta take ci, kuma tsarin ya yarda su saɓa wa juna shekara da shekaru kafin Kotun Ƙoli ta waiwaye su.

Ga misalin da ya fi taɓa mutanenmu. Doka ta ce wasu baƙi, musamman waɗanda aka taɓa samu da wasu nau'o'in laifi, a tsare su babu beli har a gama shari'ar korarsu. To in shari'ar ta ɗauki shekara fa? In ta ɗauki biyu? A 2018 Kotun Ƙoli ta ce ita dokar ba ta sa wa'adi ba, ta bar tambayar ko tsarin mulki ya yarda da haka ba ta amsa ba. A watan Mayun 2024 Shiyya ta Biyu, mai kula da Niyu Yok da Konetikat da Vermont, ta duba batun mutum biyu, ɗaya ya yi wata 7 a tsare, ɗaya wata 21. Ta ce in tsarewa ta yi tsawon da ya wuce hankali dole a kai mutum gaban alƙali, kuma gwamnati ce za ta kawo hujjar ci gaba da riƙe shi. Wata huɗu bayan haka, a Satumba, Shiyya ta Takwas, mai kula da Minesota da wasu jihohi shida na tsakiyar ƙasar, ta duba batun wani ɗan asalin Kwaddibuwa da ya tashi a Amurka, ya yi shekara guda a tsare. Ta ce muddin shari'ar korar tana gudana, tsawon lokacin ba shi ne abin dubawa ba. Shekara ɗaya, tsarin mulki ɗaya, mutum biyu masu matsala iri ɗaya: na wannan shiyya zai ga alƙali, na waccan zai ci gaba da ƙirga kwanaki.

Haka abin yake a kan wa zai kawo hujja a zaman beli. Shiyya ta Ɗaya da ke Boston ta ce a 2021 nauyin yana kan gwamnati. A 2022 Shiyya ta Huɗu ta ce babu laifi a ɗora shi kan wanda aka tsare, haka ma Shiyya ta Tara ta San Faransisko, wadda mutane ke yi wa kallon mai sassauci. Wanda bai taɓa zama a irin wannan zaman ba zai ga abin ƙarami ne. Na taɓa taya wani haɗa takardu ta waya, yana tsare, ana so ya tabbatar ba zai gudu ba. Rasidin haya yana cikin jakar da ke ɗakinsa, ɗakin kuma mai gida ya riga ya kulle. Wanda aka ɗora wa nauyin hujja alhali hannunsa na ɗaure, an riga an gaya masa sakamako.

Tunda bambancin ya kai haka, ina mutum yake ya zama rabin shari'a. A nan ne labarin Rümeysa Öztürk ya tsaya mini a rai. A lokacin ɗalibar digirin digirgir ce 'yar Turkiyya a Jami'ar Tufts. Ranar 25 ga Maris 2025, cikin watan azumi, ta fito za ta buɗa baki da ƙawayenta a garin Somerville na jihar Masacusets, jami'ai cikin fararen kaya, wasu sun rufe fuska, suka zagaye ta a kan titi. Kyamarar wani gida ta ɗauka, duniya ta gani. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani rubutun ra'ayi da ta sa hannu da wasu ɗalibai a jaridar makarantarsu a 2024, kan yadda jami'ar ta ɗauki batun Gaza. A daren lauyarta ta shigar da ƙara a Boston ba ta san inda take ba, alƙaliya ta ba da umarnin kada a fitar da ita daga jihar ba tare da sanarwa ba. Ashe an riga an ratsa da ita ta Niyu Hamsha zuwa Vermont. Da asuba aka sa ta a jirgi zuwa Luwiziyana. Sai gwamnati ta zo kotu ta ce an shigar da ƙarar a inda bai dace ba, can Luwiziyana ya kamata.

Ranar 7 ga Mayu Shiyya ta Biyu ta ƙi yarda da wannan. Ta ce a lokacin da aka shigar da ƙarar tana cikin Vermont, don haka kotun Vermont ke da hurumi. Bayan kwana biyu alƙali William Sessions ya ba da umarnin a sake ta. Ta yi sama da mako shida a tsare, ga ciwon asma. Na yi murna da wannan hukunci, amma na lura da abin da ya cece ta: tana da lauya tun daren farko, tana da jami'a, tana da bidiyo. Da an yi jinkirin awa goma sha biyu da labarin ya sha bamban. Mijin baiwar Allahn nan babu kyamarar da ta ɗauke shi, kuma kwana uku matarsa ta yi tana neman inda yake.

Ƙa'idar da ke bayan wannan tsere tsohuwa ce. A 2004 Kotun Ƙoli ta jaddada cewa mai ƙalubalantar tsarewa a gundumar da ake riƙe da shi zai shigar da ƙara. Tun 1944 kuma, a shari'ar Mitsuye Endo, Ba'amurkiya 'yar asalin Japan da aka tsare lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗauke ta daga Kalifoniya zuwa Yuta, an ce in ƙara ta riga ta shiga, ɗauke mutum ba ya ƙwace wa kotu hurumi. Haɗa waɗannan biyu ka ga abin da ya fito: duk wanda ya riga, lauya ko jirgi, shi ya zaɓi kotu. Teksas ce ta fi kowace jiha yawan baƙin da aka tsare, Luwiziyana na biye da ita, kuma a filin jirgin saman garin Alexandria akwai wurin ajiye mutane na 'yan kwanaki kafin a rarraba su. Duka jihohin biyu a ƙarƙashin Shiyya ta Biyar suke, wadda lauyoyin baƙi suka fi jin tsoro.

Akwai abin da mutanenmu ba su cika sani ba sai sun shiga ciki. Kotun shige da fice sunanta kotu, amma ba ta cikin ɓangaren shari'a. Reshe ce ta Ma'aikatar Shari'a. Alƙalanta ma'aikata ne a ƙarƙashin Antoni Janar, haka ma hukumar da ke jin ƙorafi a kan hukuncinsu, wadda ke Falls Church a jihar Bajiniya. Antoni Janar yana iya jawo kowace shari'a ya sake yanke ta da kansa. Gwamnati ce ta kama ka, ita ke ƙarar ka, ma'aikacinta ke yi maka hukunci: wuƙa da nama duk a hannu ɗaya. Ba a ba ka lauya kyauta, don a wurinsu wannan ba shari'ar laifi ba ce. Binciken da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka yi kan shari'o'in 2007 zuwa 2012 ya nuna kashi 14 cikin 100 kawai na waɗanda ke tsare suka samu lauya. Shari'o'in da ke jiran layi sun haura miliyan 3 tun ƙarshen 2023. A shari'ar kora, karon farko da baƙo zai tsaya gaban alƙalin da ba mai iya korarsa daga aiki shi ne in ya kai kotun ɗaukaka ƙara, kuma kwana 30 kacal yake da shi ya shigar da takarda. Tun 2005 alƙali Richard Posner na Shiyya ta Bakwai da ke Shikago ya rubuta cewa yadda ake yanke waɗannan shari'o'i a matakin hukuma ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin ma'aunin adalci. Shekara ashirin bayan haka ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

Wasu hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙoli sun ƙara wa shiyyoyin nauyi. Na farko daga masunta ya taso. Hukumar kula da kamun kifi ta tilasta wa wasu masu jiragen su na jihar Niyu Jazi su riƙa biyan masu sa ido da ake ɗora musu a jirgi, kusan dala 700 a rana. Kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta ba hukuma gaskiya, bisa ƙa'idar da aka kafa a 1984 cewa in doka ba ta fito fili ba, a bi fassarar hukuma muddin tana da ma'ana. Ranar 28 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan ƙa'ida, ta ce alƙali ya fassara doka da kansa. Mutane da yawa da nake girmamawa sun yi baƙin ciki, suna ganin an karya hukumomin kare muhalli da lafiya. Ni a ɓangaren baƙi ban yi baƙin ciki ba, don ban taɓa ganin hikimar a ce alƙali mai cin gashin kansa ya sunkuya wa fassarar wanda ke ƙarar mutum ba. Amma dole in faɗi ɗaya gefen: a da fassarar hukuma ko ba daɗi tana ɗinke ƙasar wuri guda. Yanzu kowace shiyya da tata.

Na biyu ya zo ranar 27 ga Yunin 2025. Shugaba Trump ya sa hannu tun ranar da ya koma mulki a kan umarnin hana wasu jariran da aka haifa a Amurka zama 'yan ƙasa, abin da gyaran tsarin mulki na 14 na 1868 da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Wong Kim Ark na 1898 suka daɗe da tabbatarwa. Alƙalai suka dakatar da umarnin a duk ƙasa. Kotun Ƙoli, shida da uku, ta taƙaita ikon alƙalin matakin farko na ba da umarnin da ya game kowa da kowa. Na tuna makon nan sarai, don mata masu juna biyu sun yi ta tambayata ko jihar da za su haihu tana da bambanci. Cikin mako biyu wani alƙali a Niyu Hamsha ya karɓi ƙara a madadin dukkan jariran da abin ya shafa, ranar 23 ga Yuli Shiyya ta Tara ta ce umarnin ya saɓa wa tsarin mulki, a Oktoba Shiyya ta Ɗaya ta bi sahu. An toshe ɓarakar, amma a ce har uwa ta kai ga tunanin wace jiha za ta je naƙuda don ɗanta ya samu takarda, wannan ya isa ya tayar wa kowa hankali.

Ba baƙi kaɗai abin ya shafa ba. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wadda baƙar fata suka sha duka a gadar Selma kafin a same ta, shekara da shekaru talakawa da ƙungiyoyinsu ke shigar da ƙara a ƙarƙashin sashenta na 2, wanda ya hana wariyar launin fata a harkar zaɓe. A Nuwamban 2023 Shiyya ta Takwas, biyu da ɗaya, ta ce Antoni Janar kaɗai ke da wannan dama. Alƙali Lavenski Smith da ya saɓa ya nuna cewa cikin ƙararraki aƙalla 182 da aka ci nasara a shekara 40, 15 kawai Antoni Janar ya shigar shi kaɗai. A Mayun 2025 kotun ta ƙara toshe wata ƙofar da ƙabilun Turtle Mountain da Spirit Lake, 'yan asalin ƙasar da ke Dakota ta Arewa, suka bi, bayan sun riga sun ci nasara a kotun farko, har sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin a Yuli. Abin lura, a watan Nuwamban 2023 ɗin nan Shiyya ta Biyar ta ce mutane na da damar shigar da irin wannan ƙara. Wato mutum baƙar fata a Luwiziyana yana da ƙofar da ɗan'uwansa na Akanso, jihar da ke manne da ita, ba shi da ita.

Na ce ana iya haƙuri da saɓanin shiyyoyi, ga dalilina. In kotu ɗaya ce ta yi kuskure, ƙasa duka ta shiga rami. In goma sha biyu ne, wata za ta hango abin da wata ta rasa, kuma saɓaninsu ne ke jawo hankalin Kotun Ƙoli. Sannan ba na yarda da masu raba alƙalai gida biyu, waliyyai da shaiɗanu. Shiyya ta Biyar da ake tsoro yau, ita ce a zamanin alƙalai irin su John Minor Wisdom da Elbert Tuttle ta tsaya har James Meredith ya zama baƙar fata na farko da ya shiga Jami'ar Misisifi a 1962. A Satumban 2025 alƙali Leslie Southwick na wannan kotun, wanda Shugaba Bush ƙarami ya naɗa, ya rubuta cewa ba a cika sharaɗin amfani da dokar yaƙi ta 1798 wajen korar 'yan Benezuwela ba, ko da yake daga baya kotun ta janye hukuncin don dukkan alƙalanta su sake zama. A batun Kilmar Abrego Garcia kuwa, ɗan El Salbado mazaunin Amurka wanda aka kai kurkukun El Salbado ranar 15 ga Maris 2025 duk da umarnin 2019 da ya hana a kai shi can, gwamnati da kanta ta ce kuskuren aiki ne, alƙali Harvie Wilkinson na Shiyya ta Huɗu ne, wanda Reagan ya naɗa, ya rubuta cewa gwamnati na iƙirarin ikon ɓoye mazauna ƙasar a kurkukun ƙasashen waje ba tare da ko kamannin shari'a ba. Ranar 6 ga Yuni aka dawo da mutumin, aka gurfanar da shi kan wata tuhuma a Tenesi. Ko mai laifi ne ko ba mai laifi ba ne, aƙalla an kawo shi inda za a tambaye shi.

Akwai masu cewa ai kowa na zaɓen kotu. Gaskiya ne, laifi tudu ne. Masu adawa da Biden sun riƙa kai ƙara garuruwan Teksas inda alƙali ɗaya ne ke zama, masu adawa da Trump na kai tasu Boston da Siyatil da San Faransisko. Duka biyun ba na yabon su. Amma mai ƙarar da ya zaɓi inda zai shigar da takardarsa daban, gwamnatin da ta sa wa mutum sarƙa ta ɗauke shi kusan kilomita 2,000 daga iyalinsa da lauyansa da shaidunsa daban. Na farko dabara ce ta masu shari'a. Na biyu amfani da ƙarfin tsarewa ne don a gyara wa kai sakamako.

Akwai kuma hujjar wurin kwana. Gwamnati na cewa gadajen suna kudu, kuma a nan tana da ɗan abin faɗa, domin jihohi irin su Ilinoi sun yi doka a 2021 suka hana ƙananan hukumominsu ba da hayar gidajen yari don tsare baƙi, sai aka kwashe mutanen zuwa wasu jihohi. Niyyar mai kyau ce, amma ta nisanta wasu da iyalansu. To amma ko da gadon yana Luwiziyana, me ya sa dole fayil ya bi shi? Zaman da yawa ta bidiyo ake yi. Alƙali yana wani gari, lauyan gwamnati yana wani, tafinta yana waya, wanda aka tsare yana gaban allo cikin rigar gidan yari. In fasaha ta isa ta haɗa waɗannan, ta isa ta bar ƙarar a shiyyar da mutum yake zaune aka kama shi. Abin da nake ganin ya kamata majalisar dokoki ta rubuta ke nan a fili: hurumi na inda aka kama mutum ne, kuma kada a fitar da shi daga shiyya sai an sanar da iyalinsa ko lauyansa an ba su 'yan kwanaki. Sai kuma a cire kotunan shige da fice daga hannun Antoni Janar su tsaya da ƙafarsu, abin da ƙungiyar lauyoyin Amurka da ƙungiyar su alƙalan kansu suka daɗe suna nema.

Waɗanda ke wajen ƙasar ma ba su da ko wannan 'yar ƙofar. Lokacin da aka hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga a Janairun 2017, har da Sudan, Shiyya ta Tara da ta Huɗu ne suka tare hanya, kafin Kotun Ƙoli ta amince da siga ta uku ta wannan hani a Yunin 2018, biyar da huɗu. Chadi ta shiga jerin a Satumban 2017 ta fita a Afrilun 2018, Najeriya ta shiga a Janairun 2020. A Yunin 2025 aka sake saka Chadi da Sudan cikin jerin, a Disamba aka ƙara Nijar, aka taƙaita wa Najeriya. A Yunin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin Shiyya ta Tara da ya ba wata Ba'amurkiya damar neman bayani kan hana mijinta biza. Ga kuma 'yan Afirka ta Yamma 14, ciki har da 'yan Najeriya, da aka sauke a Gana a Satumban 2025, wasu cikinsu da umarnin da ya hana a mayar da su ƙasashensu. Wani alƙali a Boston ya riga ya ce kada a kai mutum wata ƙasa ta daban sai an sanar da shi ya faɗi tsoronsa, Shiyya ta Ɗaya ta ƙi dakatar da umarnin, Kotun Ƙoli ta dakatar da shi a Yunin 2025. Da lauyoyinsu suka je gaban alƙaliya Tanya Chutkan a Washinton, ta nuna damuwarta ƙarara, amma ta ce hannunta a ɗaure yake, mutanen sun riga sun fita. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Tun bayan wannan Juma'ar muka buɗe littafi a masallaci. Duk mai zuwa sa hannu yana rubuta cikakken sunansa yadda yake a takarda, da lambarsa, da ƙasar haihuwa, da lambar wayar lauyansa in yana da shi. Ba ya tafiya shi kaɗai, wani yana raka shi ya tsaya a waje. In azahar ta yi bai fito ba, ba ma jiran la'asar.

Baban yara yana can har yanzu. Lauyar ta nemi a dawo da shari'arsa Niyu Yok, ba a amsa ba tukuna, ta haɗa mu da wani lauya a can wanda sai ya yi tuƙin awa uku kafin ya gan shi. Matar ta koma kitso a shagon wata 'yar'uwa, duk ƙarshen mako tana tura masa kuɗin waya. Shekaranjiya ta kawo mini takardar da aka aiko in karanta mata. An ɗaga zamansa zuwa bayan Sallah. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce, "Kawu, in ya kira yau da dare ka gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba."